Farar da Ba Ta Tashi

A bencin tashar jirgin ƙasa na metro da ke unguwar Wustul Balad, Sabuwa, ɗaliba 'yar Damagaram, tana satar kallon wani tsoho. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, tabaransa ɗaure da zare. A cinyarsa akwai akwatin gilashi, ƙwari jere a ciki, kowanne soke da allura, da 'yar takardar sunan tsibirin da aka samo shi. Wataƙila tsohon malamin jami'a ne.

Da ta hango fara a cikinsu sai baki ya suɓuce mata: “Kai! A gida da wannan ta sha yaji.”

Ashe Bahaushen Sudan ne, ya ji abin da ta ce. Ya murmusa.

“Ma'alish, Baba, yi haƙuri,” in ji ta.

“Ba komai, 'yata. Duba, ba ta da fiffike. Tsibirinta yana can tsakiyar teku, inda iska ba ta kwanciya. Duk mai tashi, ruwa ke cinye ta. Masu zama ne suka rage.”

Jirgi ya zo ya wuce, tsohon bai motsa ba. Yana ta goge gilashin da hannun riga, amma ba saitin farar ba. Saitin wani ɗan hoto ne maƙale a kusurwa: saurayi mai kama da shi, jaka a kafaɗa, yana dariya a gaban kwalekwale.