Ranar da Jirgin Feshi Ya Faɗa Shinkafata

Shekarun baya, lokacin ina noman shinkafa a fadamar garinmu, gabas da Haɗeja, jan-baki suka sa mu a gaba. Tun asuba muna gona muna jan igiyar gwangwani, muna ihu har murya ta dushe, tsuntsayen nan ko a jikinsu. Sai aka turo wani ƙaramin jirgi yana musu feshi. Shi makwancinsu yake bi, can cikin dogayen ciyayin ruwa na kacalla, ni kuwa a ganina gonata ya kamata ya fara zuwa, tunda a nan suke cika ciki. Duk sanda ya gifta sai mu tuɓe riguna muna kaɗa masa, kowa na kiran sa gonarsa. Bai taɓa kula mu ba.

Wata rana bayan la'asar na hango shi ya yo ƙasa-ƙasa ya nufo mu, babu ƙara ko kaɗan. Ni mai wayo, sai na ce ai kashe injin ya yi don kada tsuntsaye su ji zuwansa. Na kwasa da gudu na hau masussuka, busasshen filin da muke bugun shinkafa, na tsaya a tsakiya ina kaɗa riga ina nuna masa gonata da ke gefe. Sai da ya matso na ga farfelarsa a tsaye cak. Na rasa ta ina zan kauce, na tsaya a nan riƙe da rigata.

Saura ƙiris ya iso kaina ya karkata, ya faɗa cikin shinkafata. Ya ja taɓo mai nisa, hancinsa ya nutse, sannan ya tsaya. Muka ciro matuƙin, wani dattijo mai furfura, goshinsa na jini, amma da ƙafarsa ya tako.

Bayan ya sha ruwa ya gaya mana injin ne ya mutu masa a sama, kuma masussukar ya nufa don ita kaɗai ya ga busasshiya. Yayana ya kai shi bakin filin, ya nuna masa ramin da muka haƙa don jawo ruwa daga kogi. Zurfinsa ya kai ƙirji, ciyawa ta rufe shi ruf. Mutumin ya daɗe yana kallon ramin nan, sannan ya dawo ya riƙe hannuwana.

"Malam, da ba ka tsaya ka nuna mini gonarka ba, da a ramin nan za a tsinci gawata. Ka ba da shinkafarka saboda raina."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, na ga jama'a sun zuba mini ido, sai na ce ba komai, Allah ne ya tsare. A hanyar gida yayana, wanda ya san ihun da nake yi wa jirgin nan kullum, ya ce, "Yau dai ya amsa kiranka." Bai ƙara ba, bai kuma taɓa tona ni ba.

Shinkafar waccan shekarar, abin da jirgi ya bari masu janye shi suka tattake, jan-baki suka ƙarasa. Wannan tuni na manta zafinsa. Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne, lokacin da mutumin nan ya karkata bai san da rami ba. Busasshen fili ya gani, da wani wawa a tsakiya yana kaɗa riga, ya zaɓi taɓo. Shi ne ya jefa ransa cikin haɗari saboda nawa, amma ni aka yi wa godiya. Har motar da ta zo ɗaukarsa ta tashi, ban ce masa na gode ba.