Hannun Laraba

Laraba tana da shekara goma sha uku lokacin da sojoji suka ɗauke ta a kudu, inda mahaifinta ke fatauci. Dakon harsashi ta yi musu har yaƙin basasa ya ƙare. Da ta dawo Ƙofar Durbi sai ta koyi ƙunshi. Kuɗin mai ya shigo gari, biki ya yawaita, kowace amarya ita take nema.

Yayarta Hure kaɗai ta taɓa gaya wa ta harbi mutum.

Ranar sa lallen ɗiyar Hure, Laraba ta kwaɓa lalle ta zauna. Hure ta janye ƙwaryar a gaban mata, ta ce, "Hannun da ya kashe rai ba zai taɓa ɗiyata ba."

Tun ranar, ƙafar kanta kaɗai Laraba ke yi wa ƙunshi.