Ranar da Tubalin Dokta Ya Gaji

Har yau ban manta da Talatar da tubalin Dokta Modu ya nemi tona mana asiri ba. Lokacin ni ke kula da injinan ɗakin gwaji, shi kuma shugaban sashenmu ne.

Dokta ya haɗa yumɓu da wani zare mai jure wuta, aka gasa, ya ce da shi za a gina wa matan Zabarmari murhun turara shinkafa. A ƙa'ida gwaji biyu ake yi. Na farko a danna tubalin sau ɗaya a ga ƙarfinsa. Na biyu gwajin gajiya: inji ya danna, ya saki, ya sake dannawa, kwana da kwanaki, domin zaren ciki ɗaya bayan ɗaya yake tsinkewa alhali waje sumul.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura na biyun."

Ya ce, "Bitrus, tubali jaki ne da zai gaji?" Ya ɗora guda a kan bulo biyu, ya hau da tumbinsa har da ɗan tsalle. "Ga gwaji nan. Rubuta."

Ban rubuta ba. Na tuna yadda matan nan ke ɗora ƙatuwar tukunya, su sauke, su sake ɗorawa, ruwa na tafasa, ƙafafunsu a gindin murhu. Na saka guda a inji, duk sanda aka kawo wuta in kunna, ban gaya wa kowa ba.

A kwana na tara manyan baƙi suka zo ɗakin gwaji, har da Ya Falmata, shugabar matan. Dokta na cikin cewa, "Jikokinku ma za su gaje shi," sai ƙas! Tubalin da ke cikin injin ya rabe biyu a bayansa.

Ya Falmata ta leƙa, ta ce, "Ɗana, a kan wannan zan ɗora tukunyata?"

Dokta ko ƙifta ido bai yi ba. "Hajiya, shi ya sa na umarci Bitrus ya yi gwajin nan. Mu ba ma wasa da rayukan jama'a."

Aka tafa masa. Aka ɗage ginin murhu har sai an gyara haɗin. Washegari na tarar da takardar tuhuma daga Dokta a teburina, wai na kunna injin gwamnati ba da izini ba.

To, ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku yi gwaji cikakke ko oga ya ce a bari, domin waɗanda za su tsaya gaban wutar ba sa cikin ofis. Amma kada ku jira tafi. Oga in zai faɗi, a kan na ƙasa yake faɗuwa.