Jirgin da Na Zauna Cikinsa a Ɗaure

Assalamu alaikum. Ni Alu ne, ban yi boko ba. Ɗiyata Hajara ke rubutawa ina faɗi, na ce kar ta gyara mini ko kalma.

Abin da na ɓoye tun Argungu tana cikin Jihar Sakkwato, yau zan faɗe shi.

Wata damina jirgi ya kife da mu a gulbi. Kowa ya fita lafiya. Amma tun ranar, da na sa ƙafa cikin jirgi sai ƙirji ya kama duka, gumi ya karyo, numfashi ya tsaya a wuya.

Bakabe da tsoron ruwa? Wa zan gaya wa? Na ce rantsuwa na yi ba zan ƙara shiga jirgi ba. Na bar wa ƙanena gonata ta ƙetare. Aka ce taurin kai ne, na amsa.

Bara aka tashi cinye wa Tumba, matar aminina marigayi, rabin fadamarta da ke ƙetaren gulbi. Duk wanda ya ga an kafa iyakar a gindin wata giginya ya rasu, sai ni. Mai gari ya ce ba a shaidar iyaka daga zaure, bayan girbi in je in taka wurin.

Na gwada. A bakin gulbi na zube.

Hajara ta kwashe ni sai asibiti a Birnin Kebbi. Aka ɗebi jini, aka manna mini wayoyi a ƙirji. Buhun shinkafa guda ya tafi a kuɗin asibiti.

Likita ya ce, "Baba, zuciyarka lafiya lau. Ciwon fargaba ne, yana da magani."

Na ce, "Ni ba mahaukaci ba ne."

"Ban ce ba, Baba."

Ƙwaya kullum da safe. Makonnin farko ban ga komai ba, saura kaɗan in watsar. Aka koya mini sauke numfashi a hankali, aka ce in riƙa zama cikin jirgi yana ɗaure.

Ɗanjuma mai fito ya yi ta dariya: "Tsoho, Makka za ka da wanga jirgi?" Amma shi ya riƙa sassauta igiyar, kullum kamu ɗaya.

Bayan girbi na ƙetare. Na ce a tona nan. Kututturen giginyar iyaka ya fito.

Tumba ta ce, "Ashe za ka zo, Alu."

Alhamdu lillahi. Likita, Hajara, Ɗanjuma, Allah Ya biya ku.

Mai irin wanga ciwo, je asibiti, faɗi gaskiya, kar ka yanke magani da kanka. Gobe zan je in gaida gonata.