Hannun da Bai Yi wa Jikata Wanka Ba

Masu tambaya ko na bar duniya ne, ina nan Samaru da raina. Shirun ya yi yawa, ku yi haƙuri.

Wasunku sun san an cire min nonon dama saboda cutar kansa. Daga ɗan ƙullutu aka fara, sai gwaji, sai tiyata, sai maganin kemo da ya kwashe gashina da abin hannunmu. Na ɗauka an gama.

Kwatsam zobena ya ƙi fita. Hannun dama ya kumbura, ya yi nauyi kamar taɓarya. Yaya Ladi, wadda nake bi, ta ce, "Gashi yake so." Ta dinga gasa min da ruwan zafi, hannu sai ƙara hawa yake. Da likita ta ji, sai da ta riƙe baki. Ta ce, "Hajiya, ruwan jiki ne ya rasa hanya tun da aka cire kaluluwar hammata. Ba ruwan zafi, ba ɗaukar nauyi."

A haka 'yata Maryam ta dawo gida wankan jego, haihuwar fari.

Ni da na wanke jariran rabin unguwarmu! Ina ɗaki ina jin Yaya Ladi tana wanke jikata, ƙamshin darbejiya yana shigowa. Wallahi ko ranar tiyata ban yi kukan nan ba. Na daina fita, na daina cin abinci, barka ma ban fito na amsa ba.

Wata nas ce ta gano ni. Ta ce, "Hannun muna duba shi. Zuciyar fa?" Ta haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Na je dai. Ya kuma haɗa ni da wasu mata masu irin hannuna, muna zama a Sabon Gari. Maman Rifkatu daga Chikaji ta ga nawa ta ce, "Wannan ai ƙanin nawa ne." Ranar na fara dariya.

Yanzu ina sa safar hannun da aka ba ni, ina motsa shi yadda aka koya min. Ya sassauta, bai koma daidai ba.

Na gode wa Allah, na gode muku. 'Yan uwa, in hannu ya fara nauyi, ku koma asibiti, kada ku gasa. In kuka ya yi yawa, ku faɗa, ba kunya ba ce.

Jiya Maryam ta ɗora min yarinyar a cinya, ta miƙo min man shafawa. Ta ce, "Mama, wanka na Yaya ne, shafa taki ce."

Da hagu na shafa mata, har tsakanin yatsu.