Waɗanda Suka Gina Ganuwa Aka Bar Su a Waje

Kakata Iya Tabawa ba ta zama haka kawai ta ba da labari, sai da aiki a hannunta. Idan an kai dawa rumbu, sanyi ya fara sauka a ƙauyenmu na gefen Gozaki, da an idar da magariba an ci tuwo sai mu hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta. Ita tana kaɗi, mu jikoki muna cire mata gurya daga auduga, wanda ya yi gyangyaɗi ta zungure shi da mazari. Yawancin labaranta na kura da dila ne, a yi dariya a watse. Ɗaya ne ba a dariya a cikinsa, kuma shi ne ya hana ni sakat har yau da furfura ta rufe mini kai.

"Ga wata nan tafe," in ji ta ran nan, "amma ba ta da daɗin kunne." Muka ce ta iso ko yaya take.

Ta ce akwai wani gari mai ganuwa, ƙananan ƙauyuka kewaye da shi. Duk shekara damina kan zaizaye ganuwar, saboda haka da rani mutanen ƙauyukan kan zo gyara, kowane ƙauye da ɓangarensa. Maza su kwaɓa ƙasa su yi tubali, mata su yi ta jigilar ruwa daga rafi har wuya ya sage. Ba a ba kowa komai. Ladan aikin ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: ranar da aka buga gangar mahara, ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya taɓa zuba gumi a jikin bangon.

Wata shekara mahara suka taso da dawakai masu yawa. Suka aika wa manyan garin cewa ba su da niyyar wahalar da kansu a kan ganuwa, a bar musu mutanen waje, su kuma su bar na ciki. Manya suka zauna, suka dubi rumbunansu, suka sa aka ja ƙyaure.

Mutanen wani ɗan ƙauye suka iso a guje, da goyo da awaki da tsofaffi a kan jakuna, dattijonsu Baba Audu a gaba. A nan Iya kan ajiye mazari ta sauya murya.

"Sarkin ƙofa, buɗe mana, mu ne."

"Na gane ku, Baba. An ce kada a buɗe."

"Bangon da kake tsaye a kai, mu muka ɗora shi bana. Sunkuya ka duba, sawun yatsun 'ya'yanmu na nan a jikin yaɓen. Ina alkawari? Ba kwa tsoron Allah?"

"Baba, kada mu wahalar da juna. Alkawari ana riƙe shi ne da wanda zai iya kama ka idan ka saɓa. In mun buɗe, hatsi ba zai ishe mu ba, mahara kuma su juyo kanmu. Da kai ne a ciki, haka za ka yi."

Ƙofa ba ta buɗu ba. A gindin ganuwar aka ɗaure su aka kora su arewa, na ciki suna jin kukansu.

Ni dai na ƙura wa Iya ido ina jiran sauran. Na saba a labaranta mugu ba ya kwana lafiya. Da na ga ta ɗauki mazarinta, sai na ce, "Iya, sai ganuwar ta rushe a kansu ko?"

"Ba ta rushe ba, ƙawata."

"To sai annoba ta faɗa musu?"

"Ko ciwon kai. Kasuwarsu ma ƙara cika ta yi. Da rani ya zagayo sauran ƙauyuka suka zo gyara kamar kullum, don ba su da wani wurin gudu."

Raina ya ɓaci har na wurga audugar da ke hannuna cikin wuta. Na ce wannan labarin banza ne, ta gyara shi ko ta daina ba mu. Na zaci zan sha mari, amma sai ta ce, "Ni ma haushinsa nake ji, shi ya sa na ba ku. In na gyara shi, haushin zai fita daga ranku."

Na girma, na yi aure a wani gari mai ganuwa wajen Bakori, na haifi 'ya'ya. Wani rani aka buga ganga. Kafin mutanen ƙauyuka su iso, maza suka taru a bakin ƙofa suna shawara, sai na ji yayan mijina, mutum mai salla da azumi, yana cewa a rufe, hatsin bana bai yi auki ba, kuma da su ne a ciki haka za su yi. Bai taɓa jin labarin Iya ba, amma maganar ta fito daga bakinsa kamar ya hardace ta. Na koma gida na mirgino turmi, maƙwabtana mata suka mirgino nasu, muka jera su a hanyar ƙyaure muka zauna a kai. Muka ce wanda zai rufe ya fara ɗaga uwarsa ko matarsa.

Mutane suka shigo. Mahara suka bi wata hanya, amma baƙin sun daɗe a cikinmu, kuma bazarar nan mun sha wuya, 'ya'yana sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Yayan mijina ya ce mini, "Da mahara sun iso ƙofa a buɗe, da 'ya'yanki za su fara ɗauka." Ba ƙarya ya yi ba. Abin da ke ƙona mini rai ke nan har gobe: mai son kansa ba ya rasa hujja, kuma sau da yawa hujjar tasa gaskiya ce. Mai neman adalci kuwa ba shi da abin nunawa sai cewa an yi alkawari.

Amma ba maganarsa ce ta fi yi mini ciwo ba. Ranar da aka shigo, wata mata da goyo ta durƙusa a gabana tana kuka, tana ta yi mini godiya. Na san ta, na sha ganinta da tulu a kai lokacin gyaran ganuwa. Na kama hannunta na ɗaga ta da ƙarfi, har ta tsorata.

"Tashi, baiwar Allah," na ce mata. "Ke kika gina bangon nan. Kada ki ƙara gode wa kowa a wannan ƙofa."