Ranar da Guduma Bai Ɗaga Hannu Ba

Haƙorina na gaba da babu, Yayana ne ya cire shi ina 'yar shekara tara, da bayan hannu. Laifina kuwa, na ɗauki kara na tsokane tudun gawayin Babanmu don in ga abin da ke ciki. Iska ta shiga ta ramin, wuta ta tashi, itacen mako guda ya zama toka kafin a kawo ruwa. Yaya ya kifa mini mari, na tashi da haƙori a tafin hannu. Da Baba ya dawo, shi kuma ya zaro itace mai wuta ya bi bayan Yaya da shi, wai don me bai tsare tudun ba. Tabon yana nan har yau, daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Haka aka koya masa wuta, haka shi ma yake koya wa mutane. Guduma ake ce masa, ba kuma don ya taɓa zama a maƙera ba. Hannunsa ne ke riga bakinsa magana. Na tsane shi shekaru da yawa, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa ganin ya daki mutum a kan abinci ko mace ko baƙar magana ba. A kan wuta kaɗai yake duka.

Yana da shekara arba'in wani Farfesa ya zo sayen gawayi, ya ga yadda Yaya ke sansana hayaƙi ya faɗi ko ciki ya nuna. Ya ɗauke shi aiki a ɗakin bincikensu na jami'a. Bayan shekara biyu Yaya ya samo mini wankin kwalabe a wurin. A can ma gawayi ake yi, sai dai na masu farar riga. Ana kawo ragowar auduga da tsofaffin takardu da dusar katako, a dafa, a tace, a fitar da zaren da ke cikinsu, wanda suke kira selulos. A gauraya shi da wani sinadari mai cin fata, a zuba a ɗan kasko, a tura cikin bututun gilashi da ke tsakiyar tanderun lantarki. Abin da ke fitowa baƙin gari ne da ya fi kwalli laushi. Da shi suke gwada yin batir mai riƙe caji, da 'yan na'urori masu sansano gas idan yana yoyo a gida.

Dokar aikin ɗaya ce, irin ta tudun Baba: kada iska ta shiga. Akwai tukunyar gas ɗin naitirojin, mai korar iska, da ke hura bututun tun daga kunnawa har ya huce, kuma ba a kwance murfin bututun sai allurar ma'aunin zafi ta sauko ƙasa da ɗari. Yaya bai iya rubuta sunan garin ba, amma duk ɗaliban da suka sami digiri a ɗakin nan da garinsa suka samu.

Matsalar ita ce hannun. Wani direba ya kunna sigari kusa da tukwanen gas, Yaya ya karya masa hanci. Wani ɗalibi ya rufe naitirojin tanderu na ci, don zai ari tiyo, Yaya ya kama ƙeyarsa ya gwara goshinsa da tukunyar, ɗinki shida aka yi masa. Ni na goge jinin. Farfesa ya kira mu mu biyu ya ce ya gaji da roƙon iyayen mutane. In Yaya ya sake taɓa wani, ko da ɗan yatsa ne, kora ce, kuma shi da kansa zai kira 'yan sanda.

Da yamma na bi shi gida, na tsaya a gaban matarsa da 'yarsa na zazzage masa duk abin da ke cikina tun daga haƙorin. Na ce wannan ne wuri ɗaya a duniya da ake ce masa Malam, zai watsar da shi ya koma daji da furfura. Na ce sai ya rantse ba zai sake dukan kowa ba.

"Ko me aka yi, Yaya?"

"Ko me aka yi," in ji shi.

Wata bakwai yana yawo da hannu a aljihu kamar mai jin sanyi. Har tsokanarsa nake yi, ina cewa Guduma ta zama ludayi.

Sai ranar da za a yi baƙi daga wani kamfanin batir. Farfesa ya tafi tarbo su, ya bar ɗakin a hannun wani sabon malami, Dakta, matashi mai gemu da saurin baki. Ƙarfe sha ɗaya Dakta ya ce a fito da garin, yana son baƙi su gani a faranti. Allura tana kan ɗari huɗu da ashirin. Yaya ya ce sai la'asar. Dakta ya ce ya karanta, mintuna biyu ba sa komai. Yaya ya sake cewa sai la'asar, ya tsaya a gaban murfin. Dakta ya ce shi ba zai tsaya mai gawayi yana koya masa aikinsa ba, ya sa hannu biyu ya hankaɗa ƙirjinsa.

Na san wannan tsayuwar ta Yaya, kafaɗar dama ta ɗan sauka. Mari ɗaya, da Dakta ya kwana bai san inda yake ba. Amma Yaya ya juyo ya dube ni, ina bakin famfo da kwalba a hannu. Na girgiza masa kai. Ya mai da hannuwansa baya, ya matsa gefe.

Dakta ya rufe gas, ya kwance murfi, ya zura ƙugiya ya fizgo kaskon. Na ji wani fuu, sannan bututun ya fashe. Garin ya watsu jajir a rigarsa da gemunsa da wuyansa, ya manne yana ci. Ya faɗi yana birgima yana ihu, gilashi na shiga gwiwoyinsa. Na cika bokiti na ruga, sai Yaya ya sa ƙafa ya harbe shi daga hannuna, har wuyan hannuna ya goce.

"Yashi! Ruwa zai ƙara ta!"

Bokitin yashin yana can ƙarshen baranda, an tokare ƙofa da shi. Kafin in jawo shi Yaya ya haye kan Dakta. Ya yage rigar, ya kwashe garin daga wuyansa da tafin hannu, ya yi ta dukan gemun da ƙirjin, duka irin wanda ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ɗakin ya cika da ƙaurin gashi da na nama. Da na juye yashin, Yaya ya ɗaga hannun damansa, fatar ta saɓule tana reto kamar safar da aka cire rabi.

Dakta ya rasa gemu da gefen kunne ɗaya, yana nan yana koyarwa. Yaya an yanke masa yatsu uku, biyun da suka rage suka ƙanƙance. Farfesa bai kore shi ba. Ya sa masa kujera kusa da tanderu, yana zaune yana kallon allura, wani ke kwance masa murfi.

A asibiti ni ke ba shi abinci a baki, don matarsa ba ta iya kallon hannun. Rana ta huɗu na kasa daurewa, na ajiye cokali.

"Da ka mare shi, Yaya. Mari ɗaya kawai."

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya dubi bandejin, ya dube ni.

"Na tambaye ki ai," ya ce. "Kika girgiza kai."

Na tura harshe cikin giɓin haƙorina. Ya buɗe baki yana jiran cokali na gaba, na ɗiba na ba shi.